Kazar Baba Kefas

Duk wanda ya karye tsakanin Dabai da Mahuta, ƙofar Baba Kefas ake kai shi. Shekara arba'in yana ɗori, gadon ubansa. Ranar da ya ɗaure ƙafar mutum, sai ya karya ta kaza ya ɗaure. Ran da kazar ta taka, mai karaya ma ya warke. Bai taɓa jin kunya ba, kuma ba ya barin kowa ya manta da hakan, don bakinsa ya fi hannunsa sauri.

Jikarsa Joyce tana shekara shida ta faɗo daga kan rumbu, ta karye dab da gwiwar hagu. Ubanta soja ne, yana bakin daga. Uwarta Dinah ta goya ta za ta asibiti, tsohon ya tare ƙofa.

"Baba, ka bari likita ya duba ta," in ji Dinah.

"A gidan maɗori? Su yanka mini amarya kamar rago? Sauke ta."

Suruka ba ta musu da uban miji. Ta sauke. Ya ja, ya daidaita, ya jera karare ya ɗaure, ya kama wata tsohuwar kaza ya yi mata haka. Sati biyar kaza ta taka, Joyce ma ta taka. Har a ƙofar coci sai da ya ba da labari.

Bayan shekara biyu Dinah ta lura siket ɗin makarantar yarinyar yana karkata gefe guda, ƙafar hagu ta gaza ta dama tsawo. Wannan karon ba ta nemi izini ba, ta kai ta asibiti a Zuru. Tsohon ya bi su a baya.

Likita ya ɗaga hoton ƙashin. "Baba, ɗorinka ya kama. Amma ƙashin yaro daga bakin gaɓa yake tsiro, kamar dawa daga kai, kuma nan karayar ta ratsa. Da an kawo ta a makon farko, da mun yi aiki mun mayar da wurin daidai, wataƙila ya tsira. Yanzu ya toshe. Nan gaba sai dai mu tsayar da girman lafiyayyar ƙafar, kada tazarar ta yi yawa."

"Amma kazar ta taka," in ji tsohon a hankali.

"Kazar tana da sauran girma ne, Baba?"

Dinah ba ta taɓa tayar masa da maganar ba, har yau, kuma da ta zage shi da ya fi masa sauƙi.

Tun ranar bai sake taɓa ƙafar yaro ba. In an kawo, sai ya nuna hanyar Zuru. Da tsufansa ya je kasuwa ya koyi ɗinkin takalmi. Kowace Kirsimeti yana yanka tsohuwar taya ya ƙara wa takalmin Joyce na hagu tudu. Bana karo na uku ke nan.

Joyce ta saka, ta buga ƙafa, ta sara masa.

"Kaka, duba! Hagu, dama, hagu, dama! In na girma soja zan zama kamar babana. Za su ɗauke ni, ko?"

Baba Kefas, da bai taɓa rasa ta cewa ba, ya sunkuyar da kai.

"Zo, amarya," ya ce, "igiyar ba ta ɗauru ba."