Madubin Motar Unguwa

Yayana direba ne tun ina firamare. Motar haya yake ja, kuma da ita ya riƙe karatuna har na gama jami'a. Ranar da ya je ɗauko ni da kayana bayan jarrabawar ƙarshe, wata tirela ta ƙwace wa direbanta ta yi kanmu. Ni da shi mun tsira da ƙujewa. Fasinjoji biyu da ke baya ba su fita da rai ba. Tun daga ranar na daina zama kujerar gaba a mota.

Kowa ya ce ba laifinsa ba ne, har 'yan sanda. Amma Yaya ya ajiye tuƙi. In ya kama sitiyari sai zufa ta karyo masa. Mai motar ya gaji da jira ya ba wani. Yaya ya koma zaman benci a ƙofar gida, matarsa na ɗinki tana ciyar da su da yara uku. Shi kuwa in ban da tuƙi bai iya komai ba.

Unguwarmu tana da ƙungiyar taimakon kai da kai. Suna da wata tsohuwar bas da suke kai marasa lafiya asibiti kyauta, Baba Direba ke janta tun da ya yi ritaya. Madubinta na dama ya karye, an rasa irinsa. Saboda haka dole wani ya zauna gaba, ya leƙa da kai ta taga yana faɗin abin da ke tafe. Wannan mutum shi ake kira madubi.

Wata safiya Baba ya tsaya a kan Yaya.

"Kai ɗan nan, ba tuƙi na zo roƙo ba, kada ka zare mini ido. Wuya nake nema mai juyawa. Nawa ya ƙage."

"Baba, ni mota..."

"Wa ya ce ka taɓa ta? Zama za ka yi kamar amarya, ka ce mini babur, ka ce mini rami."

Yaya ya bi shi don kunya. Ranar farko ya dawo ya yi amai a bayan gida. Washegari ya sake tafiya. Da sannu ya fara wanke motar, ya duba mata ruwa da baƙin mai, ya koyi yadda ake ɗaga mara lafiya ba a fama masa ciwo ba. Yara suka daina ce masa Direba, suka koma Madubi. Ni ma da neman aiki ya ƙi ci, na shiga ƙungiyar, amma kujerar baya nake zama.

Wata rana, mahaifiyar wani tela na unguwarmu muka ɗauko, asma ta tasar mata, numfashinta kamar ana jan zarto. Ina riƙe da ita a baya. Muna isa babbar mahadar kasuwa da tsakar rana sai Baba ya taka birki ya kashe mota. Ashe yanar ido ta daɗe tana cinsa yana ɓoyewa.

"Ɗan nan, hasken nan ya rufe ni. Wallahi fari kawai nake gani."

Motoci suka hau hon ta ko'ina. Yaya ya leƙa waje yana neman wanda zai karɓa, ba kowa sai masu zagi. Ya juyo ya dubi tsohuwar, ya dube ni.

"Auta, dawo gaba."

"Yaya, ba zan iya ba."

"Ni ma ba zan iya ba. Dawo gaba."

Baba ya lallaɓa ya koma baya ya tallabi tsohuwar. Yaya ya goge tafin hannunsa a wando, ya yi bismillah ya murɗa makulli. Na fitar da kaina ta taga, ina cewa babur, ina cewa taho. Rigarsa ta jiƙe sharkaf. Tafiya yake a hankali, har Baba ya ce daga baya, "In haka ne da kun goya ta, da tuni kun isa!" Yaya bai ƙara gudu ba. Muka isa, aka sa mata iska, ta farfaɗo.

Ba a ranar Yaya ya warke ba. Akwai safiyar da sai ya zauna cikin motar ya daɗe kafin ya iya tayar da ita. Amma yana tayarwa. Aka yi wa Baba aikin ido, tuƙin motar ya koma hannun Yaya.

Shugabar wata makarantar yara, wadda Yaya ya taɓa kai mijinta asibiti, ita ta aiko a kira shi. Direba suke nema. Kafin gwaji ya gaya mata komai game da hatsarin, bai rage ba. Ta shiga motar makarantar suka zaga gari. Da suka dawo ta ce, "Malam, kullum haka kake rarrafe?"

"Haka nake, Hajiya. In mai sauri kuke so, ba ni ba ne."

"'Ya'yan mutane za ka ɗauka. Ka zo Litinin."

Ya ce yana da sharaɗi ɗaya, Asabar da Lahadi na ƙungiya ne. Ta yarda.

Yanzu da sassafe yake fita. Kafin ya tayar da mota sai ya bi kujeru ya tabbatar kowane yaro ya zauna, ya ja ƙofa da hannunsa. Iyaye na ƙorafin yana makara da yaransu. Ya ce su yi ta yi.