Bangon Kaka Ba Zai Sha Fenti Ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha biyu ga wannan wata, bayan Azahar, Allah Ya karɓi ran kakana, tsohon tela, abokin tsokanata.

Kaka, kai da ka ce sai ka ga bayana, ga shi ka riga ni.

Tun da 'yar da Kawu ya haifa a Japan ta fara nuna maka rubutun makarantarsu ta waya, ka rantse ba za ka mutu jikarka tana rubuta abin da ba ka iya karantawa ba. Ka ɗauki allin ɗinki ka fuskanci bangon ɗakinka. Ni ka naɗa mai riƙe waya.

Da ni da kai a allo muka koyi riƙon alƙalami, hannunmu daga dama yake tashi. Su kuwa layinsu daga hagu ake ja, daga sama a gangaro. Yarinyar ta yi ta ihu, "Kaka, a baibai ka ja!" Ka ce, "Amarya, hannun nan ya girmi ubanki, bi shi a hankali." Ka goge, ka sake.

Kowane harafi sai ka ba shi labari don kada ya gudu. Dutse, layi uku a tsaye, na tsakiya ya fi tsawo. Kogi, zare uku a rataye. Mutum, ƙafa biyu babu kai, ka nuna ni ka ce wai ni ne. Na taɓa faɗawa ɗakin na ƙara ɗigo a kan harafin "babba" ya koma "kare". Kallo ɗaya ka yi, ka biyo ni da sanda har bakin titi, sannan ka saya mini lemo saboda na tuna darasi.

Yanzu a zaman makoki ina jin raɗa: wai tsufa ya taɓa ka, wai ka bar carbi ka kama zanen banza. Ƙarya ne. Ni nake ɗaukar maka buta, ban ga sallar da ta wuce ka ba. Jiya Baba Babba, babban ɗanka, ya shigo da gwangwanin fenti, ya ce, "Kauce, kada baƙi su gani." Na ce, "Baba, ka yi haƙuri, su gani."

Ban taɓa yi masa musu ba sai jiya. Na jawo katifata na tare bangon, mabuɗin ɗakin yana aljihuna. Yarinyar tana hanya, ba ta taɓa ganin fuskarka ba sai ta waya. Sai ta tsaya da ƙafarta ta karanta sunanta da ka rubuta kusa da taga, a karkace, amma daga hagu. Bayan nan a yi mini duk hukuncin da aka ga dama.

Allah Ya jiƙanka, Kaka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Goggo, Kawu da sauran dangi, Allah Ya ba mu haƙuri. Baba Babba, kai ma ina yi maka ta'aziyya, mahaifinka ne. Amma ƙofar nan a kulle take.