Koren kankare a Habbena

Mun tashi daga Maiduguri ana kiran assalatu, mu bakwai a motar da aka yi don mutum biyar. Taubashina, wani Alhaji ɗan kasuwa da kakanninsa suka zauna a Injamena tun zamanin Faransa, shi ya aiko in zo in duba masa gini. Wai magininsa ya cuce shi. Na yi shekara talatin ina aikin kankare, shi ya sa ya tuna da ni.

Hanyar Dikwa zuwa Gamboru ba hanya ba ce, horo ce. Daga Fotokol kuwa jandarmomin Kamaru suka karɓe mu, kowane shinge da kalar murmushinsa. Sai la'asar muka haye gada daga Kusuri muka shiga Injamena. Aka tarbe ni da kisar, wata siririyar wainar dawa, da miyar kuɓewa da jan shayin da sukarinsa ya fi ruwansa yawa.

Da safe muka tafi unguwar Habbena, inda ginin yake. A hanya Alhaji ya zayyana mini laifin. Maginin, wani tsoho jikan mahajjatan da suka yada zango a garin, ya zuba ginshiƙai, bayan kwana uku aka cire katako, sai ga kankare kore shar, gefensa yana marmashewa. Alhaji ya yanke hukunci cewa an sace siminti an cike da yumɓu. Bai tsaya a korar tsohon ba, ya tsaya a ƙofar masallacin unguwa bayan sallar azahar ya faɗa wa jama'a. Sati uku ke nan, ko aikin katanga ba wanda ya ba tsohon.

Da na ga ginshiƙan, sun yi fari tas. Na karɓi guduma na dinga dukan kusurwar ɗaya har kafaɗata ta amsa kafin guntu ya ɓalle. Cikinsa kore, ƙarfinsa kamar dutse. Nan take raina ya ɓaci, don na san abin. Na sa aka nemo tsohon buhu, wani maƙwabci malamin lekol, wato makarantar boko, ya karanta mana Faransancin jikinsa: siminti ne da aka haɗa da kashin ƙarfe. Wato dattin da ke tasowa in an narka tama a manyan masana'antu, irin kashin maƙeran da muka sani, shi ake niƙawa a gauraya. Na yi aiki da irinsa a tashar jirgin ruwa. Yana jinkirin kamawa, yana fitowa kore kafin iska ta wanke shi, amma in ya kama ya kama. Kuma Alhaji da kansa ya sayo shi a Kusuri, don ya ga da sauƙi.

"To kalas, shi ke nan," in ji shi, "maganar ta tsaya tsakaninmu. Sai in aika masa buhun shinkafa."

Na ce, "Alhaji, a ƙofar masallaci ka tuɓe masa riga, a can za ka mayar masa."

"Haba taubashi! Ni da girmana?"

Wallahi na ji kunyar haɗa jini da shi a ranar. Girman nasa ya isa ya kira dattijo ɓarawo a bainar jama'a, amma bai isa ya ce na yi kuskure ba.

Na hau kalando, acaɓarsu ke nan, zuwa Toukra, inda aka ce tsohon yana buga tubalin ƙasa a bakin wani kududdufi. Na same shi laka har gwiwa. Na miƙa masa guntun kankaren, na yi masa bayani. Ya daɗe yana jujjuya shi.

"Ɗana," ya ce, "ni kaina na fara zargin hannuna. Na ce ko tsufa ne ya sa na manta awo."

Wannan magana ita ta hana ni yin shiru. Washegari bayan azahar na miƙe a ƙofar masallacin nan, baƙo da ni, ba Larabcin Cadi a bakina. Na faɗi gaskiyar simintin da Hausa, malamin lekol yana juyawa. Alhaji ya saɓa babbar riga ya wuce. Ko tasha bai raka ni ba.

Na iso gida da ciwon baya, na kuma san na rasa masauki a Injamena, ban damu ba. Abin da tafiyar ta koya mini shi ne, in sabon kaya ya shigo kasuwa, mai kuɗi yana saye bai tambaya ba, in abin ya ba shi mamaki sai ya huce a kan wanda ya fi shi rauni. Guntun kankaren kuwa ban dawo da shi ba. Tsohon ya roƙe ni in bar masa ya nuna wa matarsa, don tun ranar da abin ya faru ba ta ƙara ce masa yaya aiki ba.