Fitilar da Gwaggo ta koya mini waƙa da ita

Jikata ta dawo daga ajin waƙa, ta jefar da jaka ta ce, "Khalas, Hajiya, na daina." Wata shahararriyar mawaƙiyar opera ce ta zo Doha horar da ɗalibai. Takan kunna kyandir a gaban bakin ɗaliba, ta ce a ja murya kada wutar ta mutu. Jikata kullum sai ta kashe, ga shi jibi za a zaɓi masu hawa dandamali.

Nan take na ji ƙanshin man gyaɗa a hancina, ina zaune a gidanmu na unguwar Bin Omran a Doha. Marigayiya Gwaggona, zabiyar garinmu, da fitilar aci-balbal ta koya mini. Bayan azahar takan kunna ta a ɗakinta, ta ɗora tafinta mai kaushi a cikina. "Daga nan murya ke tasowa, 'yar nan. Maƙogwaro ƙofa ce kawai." Ranar da numfashina ya kashe fitilar sau bakwai na fashe da kuka, dariya ta yi. "Kin ji inda kukan nan ya fito? Can za ki ɗebo waƙar."

Na ce a kawo kyandir. Jikata ta ce, "Tsohuwa, me kika sani a opera?"

Ban yi boko ba, amma wannan karatun na sauke shi. Na ɗora hannuna a cikinta. A karo na huɗu wutar ta rausaya, ta miƙe, ta tsaya.

Allah Ya haskaka kabarinki, Gwaggo, da hasken da iska ba ta kashewa.