Uwar Katin Gidan Magaji

Kamaluddeen ɗan kawuna ne, taubashina, don haka duk abin da na faɗa a kansa ba shi da wurin kai ƙara. A Aliero aka haife shi, gidan manoman albasa gaba da baya, amma tun yana ƙarami in an tura shi ban ruwa sai a tarar da shi a inuwa yana zane da tsinke a ƙasa. Kawu ya yi faɗa har ya gaji. Yau ga shi a Jega da shagon buga katin biki, da kwamfuta ɗaya, da injin bugawa mai kukan tsohon babur.

Abin da ya fi kowa a sana'ar nan shi ne ajiya. A kwamfutar yana da rumbun bayanai, kuma duk gidan da ya taɓa buga wa kati yana da abin da yake kira uwa: tsarin katin gidan, da sunayen dattawansu a jere, babba kafin ƙarami, mamaci da marigayinsa, wanda ya je Makka da Alhajinsa. Kada ka raina wannan. Sa sunan ƙane sama da na wa, ka ga yadda biki zai koma cacar baki. In aure ko suna ya tashi, Kamalu ba ya taɓa uwar. Kwafi yake cirowa, ya sauya suna da rana, ya buga. Wai haka kawu ke yi da irin albasa, ba a kai shi kasuwa, ba a sa shi a miya. Iyakar abin da ragon ya tsinto daga gona ke nan.

To, akwai Alhaji Magaji na Mungadi, tsohon mai hulɗa da shagon. Shi da ƙanensa Malam Sambo sun ɓata a kan iyakar fadamar gado, har gaisuwa ta yanke. Alhaji ya zo da kansa ya ce a cire Sambo daga katin gidansu. Kamalu ya yi sabuwar uwa babu Sambo, amma hannunsa ya kasa goge tsohuwar, ya bar ta nan kusa da 'yar'uwarta.

Bana, bayan an cire albasa, aure ya ɓarke ko'ina. Cikinsu har da na Raihanatu, autar Alhaji. Matata 'yar Mungadi ce, ita ta gaya mini yarinyar na son angonta, amma kullum cikin kuka take. A wurinmu uba ba ya ba da 'yarsa da bakinsa matuƙar ƙanensa na raye. Baffa Sambo ne ya ba da yayyenta duka, a kafaɗarsa kuma ta girma. Ita kaɗai za a ɗaura wa aure ba shi.

Ranar buga katin shago ya cika maƙil, wuta na ɗaukewa, kowa na cewa nasa za a fara. Kamalu ya kai hannu ya ciro kwafi daga tsohuwar uwa. Katuna suka hau mota suka sauka Mungadi, aka raba su gida gida, a samansu ɓaro-ɓaro: iyalan Alhaji Magaji da Malam Sambo na gayyatarku.

Ina shagon ina shan shayinsa na kyauta Alhaji ya faɗo, babbar riga na tashi.

"Kai Kamalu! Mi niy yi maka? Wa yac ce ka maido sunan wancan?"

Taubashina ya duba kwamfuta, ya dafe kai. Wallahi na tausaya masa, ko da yake dariya na cina.

"Alhaji, ka yi haƙuri, kuskure na. Tsohuwar uwa niɗ ɗauko. Bari in sake bugawa yanzu yanzu."

"Ka sake mi? Gari dut ya gani! Hab bakin masallaci anka tare ni ana man barka, wai mun shirya. Shi ma can an tahi yi mai barka. In bi gida gida in ce ƙarya ta?"

Ya tsaya kamar zai ƙara, sai ya juya ya fita ko sallama babu.

Ranar ɗaurin aure Kamalu ya ce lallai sai na raka shi, wai in za a zage shi a zage mu tare. Muka hau babur muka isa Mungadi, an shimfiɗa tabarmi a ƙofar masallaci, jama'a ta cika. Muka raɓe a baya. Can sai na ji wuri ya yi tsit. Malam Sambo ne tafe, cikin farar riga sabuwa dal, katin a hannunsa. Bai nufi sahun dangi ba. Ya sami gefen tabarma can nesa ya zauna, kamar baƙon da bai tabbata an gayyace shi ba.

Liman ya buɗe da addu'a, wakilin ango ya nemi aure, sannan liman ya ɗaga kai.

"Wa ad da waliccin amarya?"

Alhaji Magaji ya sunkuyar da kai. Ya gyara hula, ya sake gyara ta. Kamalu ya damƙe gwiwata har na kusa ihu. Da Alhaji ya buɗe baki, muryar ba irin ta shago ba ce.

"Ga shi can. Sambo, matso mana. Ɗiyarka ta."

Kabbara ta tashi ta ko'ina! Ni da ba dangi ba na tsinci kaina a tsaye ina yi da ƙarfi. Dattawa suka buɗa hanya, Malam Sambo ya ratso, ya zauna kafaɗa da kafaɗa da wansa. Liman ya tambaye shi ko ya ba da auren. Tsohon ya share ido da hannun riga. Kowa ya jira shi, ba wanda ya motsa.

"Na ba da," in ji shi. "Ɗiyata Raihanatu, na ba da."