Ranar da Fuskar Maryamu Ta Sauya

Duk unguwarsu a birnin Napoli an san Donna Fortunata da zargi. Ko mai kifi ya yi mata gyara sai ta shinshina, ta ce akwai wata a ƙasa. Mutum ɗaya ne ya tsira daga bakinta, mijinta Aniello, wanda tun yana saurayi yake ƙera mutum-mutumin waliyyai na tangaran a wata masana'anta. Fuskar Budurwa Maryamu da yake yi ba ta taɓa sauyawa ba: siririn hanci, ido a sunkuye.

Sai ga shi da tsufansu fuskar ta sauya. Ranar da aka kai wa cocinsu sabuwar Maryamu, Fortunata ta ƙura mata ido. Kumatu sun ciko, ga ɗan rami a haɓa. Wannan ai fuskar wata ce mai rai!

"Anie', wace ce wannan?" ta tambaye shi suna cin taliya.

"Uwar Almasihu mana. Ke yanzu har da ita za ki yi kishi?"

"Uwar Almasihu mai ramin haɓa? Ka mai da ni yarinya ko?"

Ya ci gaba da cin abincinsa, ko kallonta bai yi ba. Abin ya ƙona mata rai.

Ta koma coci, ba don addu'a ba, sai leƙen haɓar mata. A layi na baya ta gano ramin, a fuskar Assunta, bazawarar da ke shafa wa waliyyan launi a masana'antar. Maƙwabciya kuma ta ƙara mata gishiri, wai kullum Assunta da Aniello hannu cikin hannu suke dawowa har kwanar gida.

Da rana tsaka Fortunata ta faɗa masana'antar kamar hadari. Ta tarar da su a lungu bayan tanderu. Yumɓun yana hannun Assunta, tana kwaikwayon fuskarta a guntun madubi, shi kuwa gogan yana zaune hannu wofi. Fortunata ta tsaya daf da hancinsa, ta riƙe ƙugu, tana jira ya ji kunya.

Ya ɗago ya dube ta sosai, ya rage murya.

"Assu', wa ya tare mana haske? In ubangidanmu ne, yi maza miƙo min yumɓun, kada ya gane na daina gani."