Rigar da Ta Fi Jikana Girma

A gidanmu na Gumel ba a ɗinka wa yaro riga daidai jikinsa. Haka na taso na gani, haka na yi wa 'ya'yana. Sai a kai yadi a ce wa tela ya saki, ya kalmashe ƙasan da hannuwan ta ciki, in yaro ya miƙe a warware.

Jikana, ɗan babban ɗana, a hannuna ya tashi, domin ubansa yana aiki a Gagarawa. Ya kai shekara goma sha shida amma jikin ya ƙi motsi. Sa'anninsa duk murya ta buɗe, gashin baki ya fara tsirowa, shi kuwa in ya yi sallama daga zaure sai baƙo ya ɗauka yarinya ce. Ɗan gwaggonsa na Maigatari, wanda yake ƙane a wajensa, ya zo hutu ya kere shi.

Ni tsawon bai dame ni ba, don marigayi kakansa ma sai da ya kusa ashirin ya miƙe. Shirmen ne ya ishe ni. Da safe in fito in tarar da shi yana reto a reshen darbejiya, wai ƙashi yake ja. Na ɗaga takalminsa zan yi shara, na ga ya cusa kwali a ciki. Ya sayo wasu ƙwayoyi a kemis, wai na ƙara tsawo, na kwashe na zuba a masai. In na ja shi da wasan jika, na ce ni na saki wannan guntun miji sai ya girma na dawo, ya bar mini tuwona ya shige ɗaki.

Ana cikin haka azumi ya zo ƙarshe, na karɓo masa ɗinkin Sallah, shadda ruwan toka. Ya saka, hannuwan suka rufe masa yatsu, kafaɗar ta sauko. Na ce ya yi kyau, baɗi war haka zai cika ta. Ya tuɓe ya ninke, ya ce shi ba zai je Idi ba, ba zai fita yawon Sallah ba. Ashe tun bara abokansa ke kiransa mai rigar aro, akwai ma hoton da suke turawa juna a waya.

Raina ya ɓaci. Na ce shadda sabuwa dal, wasu na nema ba su samu ba, shi zai zauna a ɗaki saboda surutun yara? Ya ɗago ya dube ni.

“Hajiya, kullum wani dogon yaro kike ɗinka wa, wanda bai zo ba tukuna. Ni da nake nan fa?”

Maganar nan ta ƙara ba ni haushi. Da na san abin da rigunan nan suke ja masa, da ban bari an kai haka ba.

Washegari muka hau a-daidaita-sahu zuwa shagon telan. Aiki ya yi masa yawa, ya ce ana jajiberi zan kawo masa gyara? Ya ce in ya yanke babu sauran abin warwarewa, yaron nan kuma zai iya miƙewa kafin damina ta wuce.

“Malam, auna shi yadda yake yau,” na ce. “In ya miƙe, matsalata ce.”

Ya auna yana gunaguni. Ina kallo almakashi ya ci shadda mai kyau, na kau da kai.

Ubansa ya iso da yamma, ya ji labari, ya ce na sangarta yaro, na yi asarar yadi. Na ce ya je ya yi wa ma'aikatansa faɗa. Ranar Sallah da safe abokan suka yi sallama. Ina daga tsakar gida na ji ɗaya ya ce yau kam rigar tasa ce. Jikana ya gyara hula ya bi su, shi ne mafi gajarta a cikinsu, ko sallama bai yi mini ba.